Faifan Fulera Ya Rasu a Hannun Mai Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi kuma da har yau bai sami wurin zama ba, Alhaji Mahamudu na Gidan Madugu a Salaga yana sanar da dangi da surukai da abokan arziki na Salaga da Yendi da Bawku rasuwar dattijon gidansa, wato baƙin faifan garmahon nan da kowa ya sani da Faifan Fulera. Ya rasu ranar Litinin ta makon jiya, da la'asar, a garin Yendi, a kan teburin wani mai wanki da guga, yana da shekara talatin da shida a duniya. Bai yi doguwar jinya ba, lafiyarsa ƙalau ya wayi gari a ranar. Alhaji ya ce a rubuta a fili, kada a rufa wa kowa asiri: ba tsufa ne ya kashe marigayin ba, iya yi ne, kuma mai iya yin ɗan cikin Alhaji ne, Sayibu mai sayar da rediyo a kasuwar Bawku. Ya ce a ƙara da cewa yanzu haka akwai jariri a Bawku da ya kwana goma a duniya ba shi da suna, kuma wannan rasuwa ce ta jawo.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayin ba, ga shi. Kakan kakan Alhaji madugu ne, ya taso daga Kano da ayarin mutum ashirin da ɗaya neman goro, ya iso Salaga, ya sha ruwan rijiyoyinta, ya ce shi nan ya tsaya. Mutanen nan su suka kafa gidan tare da shi, kuma sunayensu da kirarinsu ba a takarda aka ajiye su ba, a bakin zabiyoyin gidan aka ajiye su, uwa ta ba 'ya. Ta ƙarshensu ita ce Fulera. Da ta tsufa babu wadda ta ɗauki waƙar a cikin 'ya'yanta, sai Malam Idirisu, mahaifin Alhaji, ya hango abin da ke tafe. A 1963 ya sa ta a lori, suka ƙetare ruwa a Yeji, ya kai ta Kumasi gaban na'ura, ta buɗe baki ta jero mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, mai goge na biye da ita. Faifai biyu aka yanko musu. Ɗaya ya fashe a jirgin ruwa tun bai ga Salaga ba, ɗayan shi ne wanda ake makokinsa yau.

Sau ɗaya tak aka taɓa jin sa daga farko har ƙarshe, ranar da ya iso, a tsakar gida, unguwa ta cika maƙil, Fulera na zaune tana jin kanta tana toshe baki. A ranar Malam Idirisu ya ɗauki alkawari gaban jama'a cewa duk ɗa namijin da aka haifa a zuriyarsa, sunan mutumin ayari na gaba zai ci, bi da bi, har a mayar da su duka. Ya kuma kafa doka. Ranar suna kaɗai ake sa faifan, a fara daga farko, da an kai sunan da layi ya zo kansa a ɗaga allura, a raɗa wa liman. Ba a wucewa, domin a cewarsa ba ladabi ba ne a kira yaron da Allah bai aiko ba tukuna. Fulera ta rasu bayan damina biyu, Malam Idirisu ya bi ta bayan shida, allura ta dawo hannun Alhaji. Sayibu ne ya ci suna na farko. Zuwa bana an mayar da goma sha biyu, na ƙarshensu Munkaila na Yendi wanda bai daɗe da yaye ba. Mata kuwa ba su cikin jerin, abin da Hajiya Zuwera, yayar Alhaji, ta yi shekaru tana mita a kai ba wanda ya saurare ta.

Marigayin dattijo ne mai nauyi, in ka ɗauke shi ka san ka ɗauki abu. Ba ya magana sai an yi masa ladabi: a wanke hannu, a zare shi daga rigarsa ta kwali, a riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, a share masa fuska da ƙyallen karammiski, a kwantar da shi, sannan a sauke allura kamar mai ajiye ƙwai. Ko a nan ba ya garaje. Sai ya yi gyaran murya tukuna, shhh, ƙas, ƙas, duk mai surutu ya kama bakinsa, sannan goge ya shigo, sannan Fulera: "Sayibu ja-gaba, kai ka fara ganin hayaƙin Salaga, jakai sun gaji kai ba ka gaji ba." Tsakanin na huɗu da na biyar tana jan numfashi har ana jin ƙirjinta, wata mata kuma a bayan ɗakin ta yi tari sau ɗaya. Shekara talatin da shida matar nan tana tari a wuri guda, ba wanda ya san ko wace ce. A kan na bakwai yana da ɗingishi, tabon da ya samu a wata tafiya, allura takan so ta yi tsalle. Maganinsa ɓarin farin goro a ɗora a kan hannun allura, kuma Alhaji ne kaɗai ya san girman ɓarin da ya dace. Bai taɓa canza magana ba, abin da ya faɗa bara shi zai faɗa bana.

Alhaji jikan fataken goro ne, ko da yake yau doya yake lodi zuwa kudu, don haka riƙon goro ya yi wa marigayin. A ɗakin goron gidan yake zaune, mai sanyi, mara taga, a tsaye cikin akwatin katako, an kewaye shi da ganyen da ake naɗe goro da shi. Rana ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba. In suna ya kama a Yendi ko Bawku, Alhaji da kansa yake kai shi, akwatin a kan cinyarsa a tsakiyar mota, garmaho da batirin lori a gefe, kuma ba a yanka rago sai ya iso. Tunda gaskiya aka ce a rubuta, Alhaji yana son wannan isowa ƙwarai. Lokacin da kaset ya cika gari, dangin Yendi sun roƙe shi ya bari a ɗauki waƙar ko don tsaron gaba. Ya ce kaset abin direbobi ne, rediyo ya tauna shi ya tofar, ba za a zuba Fulera a cikin igiya ba, kuma ɗauka na nufin a sa ta har ƙarshe, abin da doka ta hana. Sun sake roƙo, ya sake ƙi, sai suka bari.

Musabbabin ajali ya fara shigowa gidan ne da Babbar Sallar bana, cikin kwali, Sayibu ya kawo shi daga Bawku wai tsaraba. Wata na'ura ce baƙa siririya da ake ce wa sidi, da faya-fayanta masu walƙiya kamar murfin gwangwani. Ya jona ta a wutar lantarki, ya danna, ta zaro harshe, ya ɗora mata faifai, ta haɗiye. Kiɗa ya fito tas, ba shhh, ba ƙas. Sayibu ya tsaya yana ta zuba bayani. Wannan ba ruwansa da allura, haske ne ke karanta shi, don haka ba ya cinyewa ko an sa shi sau dubu. Ba a tashi a juya shi, ya fi awa yana yi, in kana son waƙa ta tara ka danna tara, kuma in aka kwafe shi, kwafin da uban ba ka raba su. A Bawku ma, in ji shi, akwai wani da ya dawo daga Jamus da kwamfuta, yana iya juye tsohon faifai cikin sabo, kowane gida ya sami nasa.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba ne, sannan ya yi wa maganar filla-filla. Ya ce muryar da aka wanke har ta rasa gumi ba ta mutum ba ce. Ya ce shi ba ya yarda da abin da ke waƙa a ɓoye cikin cikin ƙarfe, nasa faifan a fili yake juyawa, kana ganin layukansa, da yatsa zai nuna maka inda Sayibu ya ƙare Sumani ya fara. Ya ce nasa in ya ji ciwo ɗingishi yake ya wuce, sai ya zaɓo ɗaya cikin masu walƙiyar da ya ga ƙarzuwa a bayansa ya ce a sa. Aka sa, ya kama ki-ki-ki-ki a wuri guda, ba gaba ba baya, tsakar gida ta fashe da dariya. Ya ce abin da kowa ke da shi ba wanda zai wanke hannu kafin ya taɓa shi. Sannan ya juya ga ɗansa a gaban surukai.

"Kwashe madubinka ka kai wa mata su duba fuska. Muddin ina numfashi, Fulera ba za ta shiga cikin gwangwani ba."

Sayibu ya kwashe kayansa, amma duk wanda ya san shi ya san bai haƙura ba.

Bayan Salla da mako uku, ranar Asabar, Lamisi matar Sayibu ta sauka lafiya a Bawku, namiji, bayan mata uku. Na sha uku ya iso. Sayibu ya kamo hanya da kansa ya kawo albishir ranar Lahadi, Alhaji ya yi murna har ya manta da zancen gwangwani, ya ce zai taso ranar Alhamis da akwati. Litinin da safe Alhaji ya fita kasuwar doya. Sayibu ya shiga ɗakin goro, ya zare dattijon daga akwatinsa, ya mai da murfi kamar ba a taɓa ba, ya nufi tasha. Niyyarsa, in ji shi, ya kai shi wurin mai kwamfuta, ya dawo da shi kafin a farga, ranar suna ya miƙa wa kowane gida kwafinsa, mahaifinsa ya gani da idonsa wa ke da gaskiya. Alhaji ya ce a rubuta cewa sunan wannan niyya sata.

Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai shi ne, ladabi ne ya fara kashe marigayin. Da Sayibu ya sami gaban mota kusa da direba, sai ya rasa inda zai sa faifan. Ƙarƙashin kujera, ya ce ba a sa babba a ƙarƙashin ƙafa. Cikin kaya a sama tare da doya da awaki, ya ce raini ne. Sai ya ɗora shi a wurin da ya fi ko'ina daraja a motar, can gaba jikin gilashi, inda direba ke ajiye carbinsa da wasiƙun manya. A watan Afrilu ne fa, a hanyar Bimbila, rana tsaka, kuma mai wannan aiki ɗan gidan da ko goro guda ba a ajiye shi inda rana za ta leƙa shi. Awa biyar tana dukan dattijon, bai yi ƙorafi ba, ba halinsa ba ne. Da suka sauka a Yendi Sayibu ya zare shi daga kwali, sai ya ga ya lanƙwashe, gefe ya tashi gefe ya faɗa, kamar fatar da aka shanya aka manta.

Ko a nan da sauran rai. Mai kwamfuta ya faɗa daga baya cewa faifan da ya lanƙwashe ana iya lallaɓa shi, a danne shi tsakanin gilashi biyu a ba shi makonni. Amma Sayibu ba shi da makonni, ba shi kuma da fuskar da zai koma Salaga da ita. Gidan baffansa taku kaɗan ne daga tashar Yendi, ya ƙi zuwa don kada labari ya riga shi gida. Sai ya hango mai wanki da guga a gindin bishiya yana miƙar da shadda da dutsen guga na gawayi. Mutumin ya juya faifan a hannu, ya ce bai taɓa ganin abin da ya gagari dutsensa ba.

"Maigida, kar ka damu. Wannan ƙaramin aiki ne ƙwarai. Shadda ma na miƙe shi, balle roba."

Ya shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ya fifita gawayi ya yi ja, ya ɗora dutsen a tsakiya ya danna da ƙarfinsa duka. Waɗanda ke wurin sun ce marigayin ya yi ƙara sau ɗaya, tsss, wari ya tashi, shi ke nan. Miƙewa kam ya miƙe, ba wanda ya ce bai miƙe ba.

Duk da haka Sayibu bai juyo ba, ya wuce da gawa Bawku, wai ko kwamfuta na ta da matacce. Mai kwamfuta ya ɗaga faifan ga haske ya girgiza kai. Layukan gefe, inda goma sha biyun farko suke, sun tsira da ƙyar, ana jin Fulera can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Amma na ciki, inda dutsen ya zauna, layukan da allura ba ta sake takawa ba tun 1963, sun narke sun shafe, wurin ya yi sumul yana sheƙi. Mutum tara ke ciki, daga na sha uku zuwa na ashirin da ɗaya. Sun ratso daji daga Kano da ƙafa, sun tsira daga kogi da 'yan fashi, sun zo sun ƙare a ƙarƙashin dutsen guga a bakin tasha.

Ranar Alhamis gawar ta iso Salaga. Alhaji ya riga ya sa babbar riga, akwati a hannu, bai san wofi yake ɗauke da shi ba. Sayibu ya durƙusa a ƙofar zaure ya ajiye kwalin a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon wurin nan mai sheƙi, ya ce to, ga shi Sayibu ya cika burinsa, ya mai da shi madubi. Abin da ya faɗa bayan haka ba za a rubuta ba, domin takardar nan za ta shiga hannun malamai, ya isa a ce maƙwabta sun fito kuma sai da aka riƙe shi. Da ya dawo hayyacinsa ya shiga ɗaki ya zauna yana neman na sha uku a kansa. Shekararsa ashirin da shida ranar da aka sa faifan har ƙarshe, yana tsaye jikin garmaho, amma allura yake kallo. Ya tuna launin zanen Fulera, ya tuna wanda ya taka masa ƙafa, sunan kuwa babu shi.

Asabar ta zo ta wuce. An taru a Bawku, an dafa shinkafa, liman ya zauna ya gaji ya tashi. Ya ce a sa kowane suna mai kyau, addini bai hana ba, Alhaji ya aika cewa addini bai hana ba amma alkawarin ubansa ya hana. Rago na nan ɗaure yana cin dusa yana ƙiba. Jariri kuwa Baƙo ake ce masa. Dangin Lamisi sun fara tambaya ko sunaye ne suka ƙare a gidan mijin 'yarsu, ita kuma ta aiko a gaya wa Baba Alhaji cewa ko wasa ba ta iya yi wa ɗanta, don ba ta san da me za ta kira shi ba.

Mutum ɗaya ne ya iya tsayawa gaban Alhaji a kwanakin nan, ita ce Hajiya Zuwera wadda ta goye shi. Ta same shi a ɗakin goro yana zagin gwangwani da mai gwangwani da ƙasar Jamus baki ɗaya, ta bari ya gama.

"Mahamudu, yaron nan ya yi wauta, ba kare shi nake ba. Amma shi wuni ɗaya ya yi yana kashe mutanen nan. Kai shekara talatin kana ɗaga allura. Na roƙe ka ka bar mu mu ji, mu mata mu riƙe a baki yadda Fulera ta riƙe, ka ce mata ba su cikin jeri."

"Yaya, dokar Baba ce."

"Baba cewa ya yi kada a kira su, bai ce a manta da su ba. Kai dai so kake a jira ka kafin a yanka rago."

Alhaji ya ce kada a sa wannan magana a sanarwa, Hajiya ta ce in ba a sa ba za ta bi gida-gida ta faɗa da bakinta, shi ya sa aka sa. Fushinsa bai ragu ba tun ranar, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ya rasa a kan wa zai sauke rabinsa.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa ta shekara talatin da shida, Garmaho, wadda ke zaune cikin takaba an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ya bar ƙanne goma sha huɗu a akwati na biyu, 'yan kiɗan rawa na Kumasi da Legas, waɗanda ba wanda zai taɓa tambayarsu sunan kowa. Ya bar allura biyu, ɗaya sabuwa fil da aka tanada musamman don na sha uku. Ya bar rigarsa ta kwali da ƙyallen karammiski da batirin lori. Ya bar maza goma sha biyu masu amsa sunayen da ya ba su a Salaga da Yendi da Bawku da Zebila, na farkonsu shi ya kai shi ga ajalinsa. Ya bar jariri guda da bai samu ganawa da shi ba. Na'urar sidi ba ta cikin dangi, kada ta sa ran gado.

Ga tsarin jana'iza. Liman ya ja kunne cewa ba a yi wa roba salla, Alhaji ya ce ya sani. Za a taru jibi Alhamis da hantsi a tsakar Gidan Madugu. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo goro, gidan bai rasa goro ba, kada kuma kowa ya ce wa Alhaji ai abu ne kawai, wanda ya faɗa jiya bai sha ruwan gidan ba. Abin da ake so a kawo tsofaffi ne. Duk wanda ya san yana tsakar gidan nan ranar da faifan ya iso, ko yana da kaka ko gwaggo da ta je kallo, ko ba ta gani, ko ba ta iya tafiya, a ɗauko ta. Zuwa yanzu an gano uku bayan Alhaji da Hajiya: wani tsohon mahauci a Yendi, da ƙanwar mai gogen, da wata mai kitso da aure ya kai Bawku. An tura Sayibu ya kwaso su, da sharaɗin kada ya sa ko ɗaya a jikin gilashi.

An kuma umarce shi ya zo da mai kwamfutar nan da kayansa. Alhaji ya ce a rubuta cewa bai canza ra'ayi ba ko kaɗan, har gobe gwangwani gwangwani ne. Amma duk abin da ya fito daga bakin tsofaffin nan za a zuba shi a ciki, har ƙarshe, a buga wa kowane gida nasa, har da ɗakin mata. Bango yake kallo da ya faɗi wannan.

Za a ɗora marigayin a kan Garmaho karo na ƙarshe, ya ja goma sha biyun da ɗan abin da ya rage masa na murya, tsofaffi su bi shi da baki gaba ɗaya, ko Allah zai sa harshen wani ya zarce inda ƙwaƙwalwa ta tsaya. Bayan nan za a naɗe shi da ganyen goro, a mai da shi akwatinsa, a rufe. In sunan ya fito, Alhaji zai kama hanyar Bawku ranar Juma'a, a raɗa wa Baƙo ranar Asabar, kwanansa goma sha huɗu. In bai fito ba ma zai je. Ya ce shi zai tsaya gaban Lamisi da danginta ya faɗa da bakinsa wanda ya ɓatar da sunan ɗanta, kuma ba Sayibu zai ambata ba.

Roƙo na ƙarshe ga duk wanda zai zauna a daman Alhaji ranar. Kwana biyar ke nan yana gwada waƙar shi kaɗai a ɗakin goro, kuma kullum da ya kai Munkaila, sai hannunsa na dama ya tashi da kansa ya nufi allura, bakinsa ya rufe. Shekara talatin yana koya wa hannun nan haka, yanzu ba ya jin magana. Don haka in an kai na sha biyu aka ga hannun ya motsa, a kama shi a danne a kan gwiwarsa, ko ya yi faɗa kada a saki. Jama'a kuma kada kowa ya yi shiru, a ci gaba.